Idon da siminti ya ƙona: yadda aka yi wa wani lebura a Legas dashe da ƙwayoyin jikinsa

Kafin abin ya faru

Ba zan kama sunan mutumin ba, haka muka yi da shi. Shekararsa 29 lokacin da abin ya same shi, ɗan wani ƙauye ne a fadamar Haɗeja, da mace ɗaya da 'ya'ya biyu a gida. Ya daɗe yana acaba a Legas, har ranar 1 ga Yunin 2022 da gwamnatin jihar ta hana babura ɗaukar fasinja a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Surulere, Apapa da Eti-Osa. Ya sayar da mashin ya koma leburanci a gine-ginen da ke tashi ta wajen Ajah. A wurin aikin yake kwana, sai ƙarshen mako ya zo Agege wurin 'yan garinsu.

Ni ma'aikacin jinya ne, a Agege nake zaune. Mun haɗa kaka da shi ta wajen uwa, Yaya yake ce mini. Ni na riƙa raka shi asibiti ina yi masa tafinta, katunansa da takardun gwaji duk a hannuna suke. Daga cikinsu na tsamo wannan bayani, da ɗan littafin da nake rubuta abin da likitoci suka faɗa. Kafin hatsarin lafiyarsa ƙalau, babu ciwon suga, babu hawan jini, bai taɓa sa tabarau ba.

Rana ta 1 zuwa ta 3

Ana filasta a hawa na biyu. Kwanon sarki cike da kwaɓaɓɓen siminti ya kuɓuce wa wanda ke sama, aka yi ihu, shi kuma ya ɗaga kai ya ga me ke faruwa. Simintin ya sauka a gefen hagu na fuskarsa. Abokan aiki suka fasa ledar fiya wata biyu suka watsa masa, ya goge da gefen riga. Duka wankin bai kai minti biyu ba. Ya ƙarasa aikin ranar da ido ɗaya a rufe, don kada kuɗin yini ya wuce shi.

Da yamma mai kemis ya ba shi maganin ɗigawa, wanda daga baya muka gano akwai sitiroyid a ciki, wato magani mai ƙarfi na kwantar da kumburi. Da dare wani ya kawo shawarar ruwan suga, aka ɗiga. Kashegari aka samo nonon mai shayarwa, shi ma aka ɗiga. Sai a daren rana ta uku ya kira ni, ya ce, "Yaya, idon nan fa kamar an zuba mini garwashi."

Jiƙaƙƙen siminti dangin kanwa da soda ne, wato alkali, ƙarfinsa a ma'aunin pH yana kai 12 zuwa 13, alhali hawayen mutum yana wajen 7. Asid idan ya taɓa ido yakan dafa saman naman ya daskarar da shi, wannan daskarewar ta rage masa shiga ciki. Alkali kuwa narkar da kitsen jikin ƙwayoyin yake yi, kamar yadda soda ke mayar da mai sabulu, ya yi ta nutsawa. Abin da ake so a irin wannan hali shi ne a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a idon nan take, aƙalla minti 30, sannan a tafi asibiti.

Rana ta 4: abin da likita ta gani

A sashen ido na wani babban asibiti, likitar ta ɗiga masa maganin kashe zafi, ta sa ɗan tsinke mai auduga ta juya fatar idon ta sama. A can cikin lungu akwai gutsattsarin siminti guda uku, kowanne kamar ƙwayar gero, sun lafe a jikin naman. Kwana uku ke nan suna narkewa a hankali suna ƙona idon. Ta cire su, ta taɓa 'yar takardar gwaji a cikin fatar ƙasa, ta nuna 9. Aka yi ta wanke idon da ruwan ƙarin ruwa, leda bayan leda, har takardar ta sauko 7.

Da aka ba shi madubi ya duba, sai ya ɗan saki rai. "Yaya, ai jan ma ya ragu, dubi yadda ya yi fari." Likitar ta tambaye ni me ya ce. Da na faɗa mata, ta girgiza kai. Farin nan shi ne abin tsoron. Jijiyoyin jinin da ke zagaye da baƙin idon ne suka mutu, shi ya sa wurin ya yi fat kamar alli. Likitocin ido suna auna wannan da'ira kamar fuskar agogo, awa 12. Tasa, awa 8 sun mutu. Gani kuwa, yana iya ƙirga yatsu a tazarar mita ɗaya kawai. Idon dama bai samu komai ba, ya karanta allon gwaji har layin 6/6, wato cikakken gani.

A nan sai an fahimci ginin idon kafin sauran labarin ya shiga kai. Gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai kamar gilashi, likitoci suna ce masa koniya. Faɗinsa wajen milimita 11 zuwa 12, kaurinsa kusan rabin milimita, kuma babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa, shi ya sa haske ke ratsa shi. Samansa akwai wata fata siririya, hawa biyar zuwa shida na ƙwayoyi, da ke zubewa tana sabuntawa kullum. Masu haifar da sababbin ƙwayoyin suna zaune ne a iyakar baƙi da fari, siririn zoben da ake kira limbus. Ni ƙwayoyin iri nake ce musu idan ina yi masa bayani, don su ne irin da ake ajiyewa a rumbu. Aiki biyu suke yi. Suna aiko da sabuwar fata zuwa tsakiya, kuma su ne shingen da ke hana jan naman farin ido tsallakowa kan baƙin. In suka mutu, shinge ya faɗi.

An ɗora shi a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta, da sitiroyid na kwana 10 a ƙarƙashin kulawa, da hawayen roba, da bitamin C, da ƙwayar doksisaikilin.

Mako na 2 zuwa na 6: tantanin faya, karo na farko

Ranar kwana 14 aka ɗiga rini mai ruwan ɗorawa a idon aka haska shuɗiyar fitila. Kusan kashi biyu cikin uku na koniyar ya ɗau kore, alamar har yanzu babu fata a wurin. Gyambo ne a buɗe. Likitar ta ce za ta shimfiɗa masa tantanin faya.

Duk macen da ta taɓa haihuwa ta san faya, jakar ruwan da jariri ke kwance a ciki. Ɓawonta na ciki siriri ne kamar ɓawon albasa, ba shi da jijiyar jini, kuma jikin wani bai cika yaƙarsa ba. Ana karɓarsa tare da mabiyiya daga matan da aka yi wa tiyatar haihuwa, da yardarsu, bayan an gwada jininsu an tabbatar babu ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, ko tunjere. Ana wanke shi a adana a sanyi mai tsanani, digiri 80 ƙasa da sifiri, ko a busar da shi. Amfani da shi tsohon abu ne. Tun 1910 aka fara ɗora shi a kan raunin fata a Amurka, a 1940 aka gwada shi a ido, sannan wasu likitocin ido, Kim da Tseng, suka farfaɗo da shi a 1995.

Maganar ta yi masa nauyi. Mu a gida mabiyiya binne ta ake yi, a wanke ta a sa a rami a bayan ɗaki, ba abin da ake ba wani ba ne. Ya ce sai ya ji ta bakin malaminsu. Muka je bayan sallar isha'i. Malam ya yi tambaya biyu: an cutar da uwar ko jaririn wajen cirewa? Akwai wani magani da zai maye gurbinsa? Da ya ji amsa ya ce lalura ce, ya je a yi, Allah ya sa a dace.

An ɗinke tantanin ya rufe gaban idon baki ɗaya. Cikin kwana biyu zafin ya faɗi, ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Bayan kamar mako biyu tantanin ya narke, yadda aka ce zai yi. A mako na 6 rini bai kama ko'ina ba, gyambon ya rufe. Sai dai fatar da ta rufe shi ta farin ido ce, ta taho daga gefen da shingen ya faɗi, da 'yan jijiyoyinta ja-ja a biye.

Wata na 3 zuwa na 8: hakiya

A wata na 3 hakiya ta rufe baƙin idon, fara-fara da jan saƙa a kanta. Gani ya koma motsin hannu kawai. Ba ya iya buɗe idon a rana, hawaye ba ya tsayawa, kuma duk bayan 'yan makonni fatar ta tsage zafi ya dawo. Fatar ido ta ƙasa ta manne da ƙwayar idon a wuri ɗaya, in ya kalli sama sai ya ji ana jan sa. Aikin gini ya gagara saboda ƙura. Ya koma taya wani ɗan garinsu tsaron tebur a kasuwar Mile 12.

A wata na 5 wani likita a wani wuri ya kankare hakiyar ya sake shimfiɗa tantanin faya. Mako uku idon ya washe, har ya ƙirga yatsu a mita biyu, ya kira gida ya ce an dace. Kafin wata na 7 naman ya sake tsallakowa, ya fi na da kauri.

Cikin wannan lokaci ne kuma muka gano yana ci gaba da sayen maganin kemis ɗin nan na farko a ɓoye, don yana rage masa ja. Da aka auna ƙarfin ruwan idon ya kai 28, alhali daidai shi ne 10 zuwa 21. Sitiroyid ne ya jawo. Aka tsayar da shi, aka ba shi maganin saukarwa, ya dawo 16.

Abu ɗaya da ya taimaka a watannin nan shi ne ɗigon da aka haɗa daga jininsa. Ana ɗibar jinin, a bar shi ya daskare, a juya a inji, a kwashe ruwan ɗorawar da ya taso sama, a sirka shi zuwa kashi 20 cikin 100, a zuba a ƙananan kwalabe. Ruwan yana ɗauke da abubuwan da ke ciyar da fatar ido waɗanda babu su a hawayen roba. Matsalarsa sanyi. Kwalaben da ba a buɗe ba dole su zauna a daskare, wutar unguwarmu kuwa ba ta da tabbas. Wata mai sayar da ƙanƙara a layinmu, da ke da janareta, ita ta ba mu gefe a firizarta. Muka sa kwalaben a robar man shanu da sunansa a jiki, kowane mako ya je ya ɗauko ɗaya ya sa a kular ƙanƙara. Ba ta taɓa karɓar ko kwabo ba. Tsagewar fatar ta ragu, amma gani bai ƙaru ba.

'Yan uwa suka kawo maganar dashen koniya, har aka fara batun karo-karo. Ƙwararriyar da aka tura mu wurinta a wata na 8 ta ce a dakata. Koniyar da aka dasa, fatar samanta zubewa take yi, kuma ƙwayoyin irin mai idon ne za su sake rufe ta. In babu su, jan naman da ya cinye ta farko shi zai cinye ta biyu.

Wata na 9 zuwa na 11: hanyoyi uku, da shawarar gida

Ƙwararriyar ta zana mana da biro a bayan takarda. Tunda idon dama lafiya lau, iri yana nan a jikinsa. Kuma da yake nasa ne, jiki ba zai ƙi shi ba, babu buƙatar shan magungunan danne garkuwar jiki na shekaru kamar wanda aka ɗauko wa daga wani mutum. Tambayar ita ce yadda za a kai irin can, da abin da za a ɗora shi a kai.

Tsohuwar hanya ita ce ta Kenyon da Tseng ta 1989: a yanko manyan yanka biyu daga iyakar lafiyayyen idon a ɗinke a mara lafiyar. Tana aiki, amma ana ɗibar da yawa daga rumbun da ya rage.

Hanya ta biyu a Italiya aka fara ta. A 1997 Graziella Pellegrini da Michele De Luca da abokan aikinsu suka ba da rahoton mutum biyu da aka ɗebi ɗan mitsitsin nama daga lafiyayyen idonsu, aka rene shi a ɗakin gwaji har ya zama shimfiɗa, aka mayar. Daga baya suka koma renon ƙwayoyin a kan faifan fibirin, sinadarin da ke sa jini ya daskare. A 2010 suka wallafa sakamakon mutum 112, sama da kashi 76 cikin 100 sun samu fata mai ɗorewa. A 2015 Tarayyar Turai ta ba shi izini da sunan Holoclar, shi ne maganin ƙwayoyin iri na farko da ta amince da shi. Amma sai an aika naman birnin Modena a Italiya, a jira makonni, kuma in an gama shimfiɗar dole ta hau ido cikin awa 36. Ga lebura a Agege wannan labari ne kawai.

Ta uku daga Indiya ta fito. A 2012 Virender Sangwan da abokan aikinsa a cibiyar ido ta L V Prasad da ke Haidarabad suka bayyana wata dabara da ake kira SLET a taƙaice. Ɗan ƙaramin nama ake ɗiba kamar na Italiya, amma a maimakon ɗakin gwaji, a kan idon kansa ake renon, bisa tantanin faya, a manne da gam ɗin fibirin. A 2016 suka fitar da sakamakon ido 125, kashi 76 cikin 100 sun yi nasara. Ita ma ƙwararriyar a Indiya ta koyo aikin.

Da na gama fassara masa ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato kamar shinkafa. Su Turawa a bedi suke renon iri su kawo dashe, wannan kuma a cikin gonar za a yafa." Na ce haka ne. Ban sake neman wani misali ba.

Inda aka daɗe shi ne gida. Mahaifinsa ya ƙi. A waya na ji shi da kunnena: "Kada garin neman gira a rasa ido. Wanda Allah ya bar maka, da shi kake ciyar da yara." Maganar dattijon tana da tushe, ban raina ta ba. Mako uku ana kai da komo. Abin da ya sauya ra'ayinsa, mun koma wurin likitar, na roƙe ta ta nuna girman abin da za ta cira. Ta ɗiga biro a farcen babban yatsansa, ɗigo bai kai ƙwayar dawa ba. Muka ɗauki hoto muka tura ta WhatsApp ga ƙaninsa ya nuna wa tsohon. Ta kuma faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa mutum ɗaya cikin huɗu aikin ba ya ci. Kashegari ɗan uwan nawa ya kira mahaifinsa ya ce, "Baba, me ka gani?" Tsohon ya ce, "Je ka, Allah ya tsare."

Kafin babban aikin, a wata na 10, an raba fatar da ta manne da ƙwayar idon, aka toshe wurin da ɗan yankin fatar farin ido tasa. Likitar ta dage sai idon ya huce sarai, babu ja, babu kumburi, fatar ido tana rufewa daidai, akwai danshin hawaye. Wata biyu aka jira. Kuɗin aikin daga adashensa ya fito, da abin da ya rage na mashin, da taimakon da aka tara a masallacin unguwa Juma'a biyu.

Wata na 12: aikin

Bai kai awa ɗaya da rabi ba. Daga saman idon dama, inda fatar ido ke rufewa, ta ɗebi ɗan yanki kamar milimita 2 a kan 2, ta ajiye a ruwan gishiri. Ta koma idon hagu ta ɗaye hakiyar gaba ɗaya, ta tsayar da jini. A ƙarƙashi koniyar ta fi yadda ake tsoro haske, sai dai tabo a tsakiya zuwa ƙasa. Ta shafa gam, ta shimfiɗa tantanin faya, gefen da ke da santsi yana sama, ta lallaɓe shi har babu yamutsewa ko iska a ƙasa. Juya shi daidai yana da muhimmanci, don saman nan shi ne ke da irin dandamalin da ƙwayoyin fata ke kamawa su yi rarrafe a kai, kusan irin na idon kansa.

Sannan ta yayyanka ɗan naman gida 10, ta jera su a da'ira a kan tantanin, ta kauce wa tsakiya inda gani yake. Kowanne ta ɗiga masa gam. Gam ɗin ruwa biyu ne da ake samu daga jinin mutum, fibirinojin da turombin, in suka haɗu sai su daskare cikin kamar minti ɗaya, jiki kuma ya shanye su cikin mako ɗaya zuwa biyu. A ƙarshe ta rufe da ruwan tabarau mai laushi irin wanda ake mannawa a ƙwayar ido, ya zama bandeji.

Rana ta 1 zuwa mako na 6 bayan aiki

Dokokin su ne kada ya murza, kada ruwa ya shiga, kada ya shiga ƙura. Na ɗauke shi ya dawo ɗakina. Wajen alwala malam ya ce ya wanke inda zai wanku, ya yi shafa a kan bandejin. Da dare muna ɗaure masa murfin roba a kan idon.

A dare na uku zafin gari ya sa ya cire murfin cikin barci. Da asuba muka ga ruwan tabarau ɗin a kan matashi. Kafin ƙarfe tara muna asibiti. Cikin gutsattsari 10, biyu na ƙasa sun tafi, takwas suna nan. Aka sa wani sabo, ta kuma ɗinke gefen fatar idon na ɗan lokaci don kada a maimaita.

Ranar kwana 7 ta bar ni na leƙa ta na'urar duba ido. Da rinin da shuɗiyar fitila, kowane gutsure ya yi kamar tsibiri, zagaye da shi wani fili mai duhu mai sheƙi inda rinin bai kama ba. Sabuwar fata ke nan tana yaɗuwa. Ranar kwana 14 tsibiran sun haɗe, saura ɗan lungu a ƙasa. Wurin da aka ɗiba a idon dama ya warke, ganinsa 6/6 yadda yake. A mako na 6 gaban idon hagu ya rufe ruf, sumul, babu jijiya a tsakiya. Ya karanta babban harafin saman allo, 6/60. Sitiroyid aka riƙa ragewa a hankali, ana auna ƙarfin ruwan idon duk zuwa.

Wata na 3 zuwa shekara ɗaya bayan aiki

A wata na 3 gani ya kai 6/36. Gutsattsarin da a da ake gani farare sun dusashe, sai an lura. Daga ƙasa, daidai inda biyun nan suka faɗi, jan nama ya ɗan shigo kamar faɗin awa ɗaya da rabi na agogo, ya tsaya milimita 2 daga gefe. An riƙa ɗaukar hotonsa duk wata, bai ƙara gaba ba. A shekara ɗaya, da tabarau, idon hagu yana ganin 6/24. Babu zafi, babu tsagewa, yana fita rana ido buɗe. Tabon cikin koniyar yana nan, shi ya hana ganin wuce haka. Likitar ta ce yanzu in yana so ana iya dashen koniya, tunda akwai fatar da za ta rufe ta. Ya ce a bar shi haka tukuna.

Abin da ya ci, da abin da bai ci ba

Tantanin faya sau uku aka sa masa, abu ɗaya ne bai canza ba. Na farko ya yi abin da aka sa shi, ya kashe zafi ya hana idon hujewa, kuma ba na ganin asara ce. Na biyu, na wata na 5, a ganina bai kamata a yi shi ba. An gyara fili an bar shi babu iri, wanda ya fi kusa ya shigo, wato naman farin ido, kuma kowace kankarewa tana ƙara tabo. Na uku ya ci don an haɗa shi da ƙwayoyin da suka san aikin wurin. Su ma gutsattsarin, da a kan ƙonanniyar koniya tsirara aka zuba su, ƙiftawar farko za ta share su. Tantanin ya ba su wurin kamawa ya kuma kwantar da kumburi, gam ya riƙe su kwanakin da suke buƙata sannan ya ɓace, ruwan tabarau ya kare su daga gogar fatar ido. Shaidar tana nan a idon nasa: inda gutsure biyu suka faɗi, nan kaɗai jan nama ya dawo.

Jiran wata biyu kafin aikin, wanda a lokacin ya ƙona mana rai, ina ganin yana cikin abin da ya sa aka dace. Masu dabarar da kansu sun lissafa mannewar fatar ido da faɗuwar gutsattsari da wuri cikin abubuwan da ke kawo rashin nasara. Na farko an gyara shi kafin a fara. Na biyu laifinmu ne, ni da ke kwana ɗaki ɗaya da shi ya kamata in ɗaure murfin da filasta mai ƙarfi tun daren farko.

Wannan hanya ba ta kowa ba ce. Wanda idonsa biyu suka ƙone ba shi da inda za a ɗebo masa nasa, wanda idonsa ya bushe ƙayau babu hawaye, dashen ba ya kamawa. Amma ga mai ido ɗaya lafiyayye, abin da ake buƙata likita ne da ya iya, da tantani mai tsabta da aka gwada, da gam, da firiza mai wuta. Duk ana iya samunsu a Legas, kuma asibitocinmu kullum ana tiyatar haihuwa a cikinsu. Abin da na fi so in gani shi ne a samu wuraren adana tantanin nan da tsarin gwaji mai kyau a manyan asibitoci, har da na Arewa, don lebura na gaba kada ya yi wata takwas kafin ya ji sunan aikin.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne kwana ukun farko. Akwai tankin ruwa cike a wurin ginin, wanda ake kwaɓa simintin da shi, taku goma daga inda ya tsuguna. Ba wanda ya san a kai shi can a riƙe masa ido a buɗe rabin awa, ba wanda ya san a juya fatar sama. Da awa takwas ɗin nan da suka mutu a zagayen baƙin idon wataƙila uku ne ko huɗu, wataƙila shingen ya gyara kansa.

Ya koma gini a wata na 8 bayan aikin. Yana da tabaran kariya na roba a rataye a wuya, ya saya wa yaran da suke kwaɓa tare guda uku. Kwalabar hawayen roba tana aljihun gaba, sau huɗu a rana yake ɗigawa, kuma duk wata shida muna komawa a ɗauki hoton gefen nan na ƙasa.